Hawan Jinin Mai Ciki da Jinin da Ya Ƙi Daskarewa

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa. A karanta shi a aji. A sake karanta shi a gida, inda maigida da uwar miji za su ji.

 

Maganar yau maganar jini ce. Kowa ya san idan lauje ya yanki manomi a yatsa, jini zai zuba kaɗan, ya yi kauri, ya daskare, ya tsaya. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi abin da ya tsayar da shi. To, akwai wata cuta ta masu ciki wadda ke hana jini daskarewa. Kuma tana hana shi ne a ranar da aka fi bukata, wato ranar haihuwa. Mutanen Arewa sun san ƙarshen cutar nan. Ita ce jijjiga, wasu su ce taune-taune. Mace ta faɗi tana makyarkyata, tana taune harshe, idanu sun juye. Amma farkonta mutane kaɗan suka sani. Farkonta shi ne hawan jini na mai ciki, wanda a likita ake cewa tansiyo.

Me ke tsayar da jini?

A cikin jini akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A ɓargo ake yin su. Kowace takan yi kwana 8 zuwa 10 tana aiki, sannan ta mutu, wata ta maye gurbinta. Ma'aikatan likita suna kiransu palaket. A Hausa sai a ce ƙwayoyin toshiya, don aikinsu ke nan. Duk inda jijiyar jini ta huje, sai su ruga wurin, su liƙe da juna, su toshe kafar.

Su kaɗai ba su isa ba. Mai yaɓen rumbu ya san laka tsura ba ta riƙewa, sai an cuɗa ta da ƙaiƙayi ko ciyawa. Haka jini yake. Hanta tana yin wasu sinadarai tana zuba su cikin jini. Idan an ji ciwo, sinadaran nan su ne ke zama zare-zare, su ɗaure ƙwayoyin toshiya, toshiyar ta yi ƙarfi. Gudan jinin da ake gani a bakin rauni, laka da ƙaiƙayi ke nan.

Ana iya ƙirga ƙwayoyin nan. A ɗan ɗigon jini wanda bai fi kan allura ba, mai lafiya yana da dubu 150 zuwa dubu 450. Ku riƙe wannan lissafi, za a dawo gare shi.

Ciki mai lafiya yana shirya wa ranar haihuwa

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Idan mace ta ɗauki ciki, jininta yakan ƙaru da fiye da lita 1. Sinadaran daskarewa ma suna ƙaruwa. Jinin mai ciki ya fi na sauran mata saurin daskarewa. Wannan ba cuta ba ce, tanadi ne, kamar yadda ake tanadin itace da tukunyar wanka tun kafin wata ya kama.

Dalilin tanadin shi ne mabiyiya, wadda tsofaffi ke kira uwa. Tana manne a bangon mahaifa, ta nan ɗa yake samun abinci da iska. A watan haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita a kowane minti, har ya fi. Idan ɗa ya faɗo, uwa ta biyo baya, sai ta bar rauni mai faɗin ƙaramin faifai a cikin mahaifa, jijiyoyi a buɗe. Abu biyu ke rufe su. Mahaifa ta tsuke kamar an ɗaure bakin buhu, jini kuma ya daskare. Idan ɗaya ya kasa, mace na iya ƙarewa cikin awa 2.

Inda cutar ke farawa

Cutar tana tasowa ne daga mabiyiya. A wasu mata, tun farkon ciki mabiyiya ba ta kafa saiwa da kyau a bangon mahaifa. Jini ba ya isarta. Sai ta riƙa sakin wasu abubuwa cikin jinin uwar ɗa. Abubuwan nan suna ƙuje cikin jijiyoyin jini na jiki duka: na ƙoda, na hanta, na ƙwaƙwalwa, na ido. Jijiyoyin sai su tsuke, jini ya hau. Sai su riƙa yoyo, ruwa ya fita zuwa cikin tsoka, fuska da hannuwa su kumbura. Ƙoda ta riƙa zubar da abin gina jiki cikin fitsari. Wannan yakan bayyana bayan ciki ya wuce sati 20, wato daga tsakiyar wata na biyar zuwa gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce cikin masu ciki 100, mata 2 zuwa 8 suna kamuwa da ita.

Yanzu a saurara da kyau, don nan ne zuciyar maganar.

Ƙwayoyin toshiya ba su da wayo. Duk inda suka ga ƙujewa, sai su ɗauka rauni ne. Tun da cikin jijiyoyi duk ya ƙuje, sai su yi ta liƙewa nan da can, a hanta, a ƙoda, a mabiyiya, inda ba a bukatarsu. Ƙananan gudaji su cika ƙananan jijiyoyi. Jini ya kasa wucewa. Jajayen ƙwayoyin jini masu matsawa ta tsakanin gudajin sai su farfashe. Hanta ta kumbura, ta yi ciwo. Ita kuwa hanta ita ce mai yin ƙaiƙayin, ga shi ta raunana. Ɓargo yana ƙoƙari, amma abin da ake ɓarnatarwa ya fi abin da yake yi.

Kamar magini ne da aka ba laka don ya toshe babbar kafa a rumbu kafin damina. Sai ya bi gari yana yaɓa ta a bangon da bai tsage ba. Ranar da hadari ya taso, ya zo gaban rumbu hannu banza.

Don haka mace ɗaya tana fama da masifa biyu a lokaci guda. A ciki jininta yana daskarewa inda bai kamata ba. A waje kuma, idan ta haihu ko an yanke ta, ya ƙi daskarewa. Jinin da ke zuba tsararo ne kamar ruwa, ba guda ko ɗaya. Idan ƙwayoyin toshiya suka sauka ƙasa da dubu 100, likita ya san abu ya yi tsanani. Idan suka sauka ƙasa da dubu 50, ko aikin fiɗa ya zama haɗari sai an nemo jini.

Wani likita ɗan Amurka, Louis Weinstein, shi ya sa wa wannan hali suna a 1982. Sunan shi ne HELLP. Mai karatu zai iya ganin baƙaƙen nan biyar a takardar asibiti. Ma'anarsu abu uku ne tare: jajayen ƙwayoyi sun fashe, hanta ta ji ciwo, ƙwayoyin toshiya sun ragu. Cikin mata 10 da hawan jininsu na ciki ya tsananta, 1 ko 2 sukan kai ga wannan. Ba duka ba ne. Amma ba wanda zai dubi mace da ido ya ce wannan za ta kai, wannan ba za ta kai ba. Sai an auna.

Akwai kuma wata hanya da jini ke lalacewa farat ɗaya. Hawan jini yana iya ɓamɓare mabiyiya daga bangon mahaifa tun ɗa bai fito ba. Ciki ya yi tauri kamar katako, ciwo ba sassauci, ɗa ya daina motsi. Wani lokaci baƙin jini kaɗan ne ke fitowa, alhali mai yawa ya taru a ɓoye bayan mabiyiya. Gudan da ya taru can yana cinye kayan daskarewa cikin ƴan awoyi. Wannan ba naƙuda ba ce, kada a zauna jira.

Alamun da za a gani a gida

Kumburin ƙafa kaɗai da maraice, wanda ke saɓewa da safe, yawancin masu ciki suna yi. Abin tsoro shi ne kumburin fuska da hannuwa. Mace ta tashi da safe idanu sun yi luhu-luhu, zobe ya ƙi fita, awarwaro ya kama hannu. Wasu tsofaffi sukan yi murna su ce tagwaye ne, ko ɗa namiji ne ƙato. To, ko da tagwayen ne, ai mai tagwaye ta fi mai ɗa ɗaya kusa da cutar. Ba dalilin zama gida ba ne, dalilin zuwa awo ne.

Sai ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani. Sai gani dishi-dishi, ko walƙiya-walƙiya a ido. Sai fitsari ya ragu, ko ya yi ja kamar shayi. Sai numfashi ya yi wuya.

Akwai alama ɗaya da ake yawan rainawa. Ita ce ciwo a ƙahon zuci, ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da tashin zuciya da amai a watannin ƙarshe. Sai a ce ƙwannafi ne, a jiƙa mata kanwa. Sau da yawa ba ƙwannafi ba ne, hanta ce ke kuka. Kanwa kuwa gishiri ce, ƙara hawan jinin take yi.

Alamun da ke nuna jini ya fara ƙin daskarewa su ne: dasashi na jini idan ta yi asuwaki, haɓo da ya ƙi tsayawa, jini ya kwanta ƙarƙashin fata kamar an doke ta alhali ba wanda ya taɓa ta, wurin da aka yi mata allura ya yi ta tsiyaya, ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Duk mai cikin da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ranar nan za a kai ta likita, ko da dare ne, ko da ranar shuka ce.

Amma a sani, mata da yawa ba sa jin komai. Suna daka, suna jan ruwa a rijiya, suna zuwa gamana, jini kuwa ya hau. Shi ya sa ake awo.

Abin da mai karatu zai duba a karne

Ga inda karatunku zai yi rana. Duk macen da ta je awon ciki ana ba ta takarda, wato karne. A ciki akwai wurin da aka rubuta TA. Nan ake rubuta awon jini. Lamba biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Idan an ga 11/7 ko 12/8, lafiya lau. Idan an ga 14/9 ko fiye, jini ya hau. Ko lamba ɗaya ce ta kai, ta sama ko ta ƙasa, ya hau. Idan an ga 16/11, wannan mace ba ta kwana gida. Wasu ma'aikata sukan rubuta 140/90 ko 160/110. Duk ɗaya ne, sifiri aka ƙara.

Idan jini ya hau, ungozomar likita za ta tsoma ɗan tsinken takarda cikin fitsari ta ga ko ƙoda na yoyo. Idan wurin yana da ɗakin gwaji, za a ɗebi jini a ƙirga ƙwayoyin toshiya. Ba sau ɗaya ba. Lissafin yau na iya zama daidai, na jibi ya faɗi. Kada maigida ya yi fushi ya ce ana shanye wa matarsa jini. Abin da ake ɗiba bai kai cokali ba.

Inda babu injin ƙirga ma akwai dabara. Ma'aikaci ya ɗebi jini kaɗan cikin ƴar kwalba busasshiya, ya dunƙule ta a hannu don ta yi ɗumi. Bayan minti 4 ya karkata ta, ya duba. Ya riƙa dubawa kowane minti. Idan minti 7 ya wuce jini bai daskare ba, ko gudan ya yi laushi yana wargajewa, to kayan daskarewa sun ƙare. Sai a nemi mota.

Tun 2016 OMS ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, kuma ta fara tun ciki bai wuce wata uku ba. Zuwan ya fi yawa a watannin ƙarshe, don a lokacin ne cutar ta fi tasowa. A wurin awo ana ba da maganin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro. Kada a jefa su bayan gado. Zazzaɓin sauro shi ma yana cin ƙwayoyin toshiya, yana cin jajayen ƙwayoyi. A ƙasar fadama irin Dallol Mawri, mai ciki ta kwana cikin sange rani da damina. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zuba kaɗan ya isa ya kayar da ita.

Su wa cutar ta fi kamawa?

Mai tagwaye. Macen da ta haura shekara 40. Mai hawan jini tun kafin ciki, mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda. Wadda ta taɓa yin cutar a wani ciki, ko uwarta ko ƴar uwarta ta taɓa yi. Amma wadda aka fi gani a likita ita ce mai cikin fari.

A nan dole a faɗi gaskiya, ko ba daɗi. Mai cikin fari tana cikin haɗari, kuma ita ce ta fi kowa shiru. Kunya ta hana ta ce tana da ciki. Kunya ta hana ta ce kanta na ciwo. Ba ta iya gaya wa miji, ba ta iya gaya wa uwar miji. Idan wata bakwai ya yi, a kai ta goyon ciki gidan iyaye, wataƙila wani ƙauye ko tunga mai nisa da likita, karne kuma an bar shi a ɗakin miji. Idan naƙuda ta zo, ta cije, don kada a ce raguwa ce. Kunya ado ce, ba wanda ya ce a bar ta. Amma tun da yarinya ba za ta yi magana ba, sai manya su yi mata. Uwar miji, inna, uwargida, ku ne masu ido. Ku dubi fuskarta da safe. Ku tambaye ta a ɗaki, ba gaban mutane ba. Ku raka ta awo. Idan za ta goyon ciki, karne ya bi ta cikin kayanta.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Wasu suna jin an ce hawan jini, sai su ɗauka jini ne ya yi yawa, a rage shi. A kira wanzami ya yi ƙaho, ko ya yi tsaga a goshi don ciwon kai, ko a ƙafa don kumburi. Wannan kuskure ne babba. Mai wannan cuta jininta bai yi yawa ba. Ruwansa ma raguwa ya yi, don ya tsiyaye cikin tsoka. Jijiyoyi ne suka tsuke. Kuma macen da jininta ba ya daskarewa, aska ba ta kusantar ta. Haka yankan gishiri. Wanzamai da ungozomomin gari mutane ne masu daraja, jama'a na jin maganarsu. Babban taimakon da za su yi shi ne su ce: wannan ba tamu ba ce, a kai likita.

Sai ƙwayoyin ciwon kai na masu talla a kasuwa. Da yawansu suna raunana ƙwayoyin toshiya, suna wahalar da ƙoda, suna kuma ɓoye ciwon kan da ya kamata ya tayar da hankali. Wani zai ce, ai an ji likita na ba masu ciki aspirin. Gaskiya ne. Amma ƴar ƙarama ce ƙwarai, mai awo 75, ba irin ta kasuwa ba. Ana ba wadda aka san tana cikin haɗari, tun ciki na wata uku, ɗaya a rana, don ta hana ƙwayoyin toshiya liƙewa a banza. Rigakafi ce tun cuta ba ta zo ba. Idan cuta ta riga ta cinye ƙwayoyin, ba lokacinta ba ne. Likita ne kaɗai ya san wa za a ba, da ranar da za a daina.

Idan mace ta faɗi tana jijjiga, mutane sukan ce iska ce ta buge ta. A rufe ɗaki, a yi hayaƙi, a ɗura mata jiƙo ko rubutu. Mai jijjiga ba ta iya haɗiya. Abin da aka ɗura mata huhu yake tafiya. A kwantar da ita a gefen hagu. A janye ta daga wuta. Kada a danne ta, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinta. A ɗaura amalanke, a buga salula. Mai addu'a ya bi ta, ya yi a hanya. Addu'a da likita ba sa faɗa.

Abin da likita zai yi

Akwai allura mai hana jijjiga, sunanta sulfat na magneziyom. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi wa mata fiye da dubu 10 a ƙasashe 33. An ga allurar tana rage jijjiga da fiye da rabi. Ana yin ta a jijiya da ɗuwawu, tana da zafi, mace takan ji jiki ya ɗau ɗumi. Ana ci gaba da ita har awa 24 bayan haihuwa. Akwai kuma maganin saukar da jini, don kada jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Amma waɗannan riƙo ne kawai. Tun da daga mabiyiya cutar take, ba ta warkewa sai mabiyiya ta fita. Shi ya sa wani lokaci likita zai ce a tayar da naƙuda, ko a yi fiɗa, alhali wata bai cika ba. Maigida yakan yi nauyin baki a nan. Ya ce a jira yayansa, ko a aika gida a tambayi tsoho. Kowace awa da aka yi ana jira, ƙwayoyin toshiya raguwa suke. Aikin da za a yi lafiya da safe, da dare yana iya gagara. Gara a yanke wannan shawara tun a gida, a gaya wa mai rakiya cewa yana da izni.

Tun 2011 Tibiri ta zama gunduma mai kanta, an cire ta daga Dogon Dutsi. Hanyar mara lafiya kuwa hawa-hawa ce. Daga ɗakin maganin ƙauye zuwa likitar da ta fi girma. Daga nan ma'aikata ne za su faɗi inda za a nufa, Dutsi ko Doso, inda ake fiɗa da ƙarin jini. Mai tsanani ƙwarai har Yamai, gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Tsakanin Dutsi da Doso kaɗai ya fi kilomita 130. Wanda ya san yashin Dallol da yadda hanyoyin ƙauye suke a watan Agusta, ya san macen da ke zubar da jini ba ta da lokacin wannan tafiya. Don haka idan an ce wa mace jininta ya hau, ta matso kusa da babbar likita tun naƙuda ba ta fara ba. Ta sauka gidan dangi a gari.

Gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, ta ɗauke na awon ciki a 2006, a 2024 kuma ta ce haihuwa a likitar gwamnati kyauta ce. Duk da haka tafiya na cin kuɗi: man mota, abincin masu jinya, wani maganin da za a saya. Maigida ya ware akuya ɗaya ko ƴan dammunan hatsi tun da kaka. Ya rubuta lambar salular likita da ta mai mota a bangon karne. Ai don irin wannan rana aka koyi rubutu.

Maganar ba da jini

A shekarun 2015 zuwa 2020 an bi wani tsari a gidajen likita na Nijar don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ana ba mace ƙwayoyin da ke tsuke mahaifa. Idan bai tsaya ba, a sa balan-balan mai ruwa cikin mahaifa ya danne raunin. Idan za a yi tafiya, a sa mata wata riga mai matse ƙafafu da ciki. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mata masu mutuwa da zubar jini sun ragu da fiye da rabi. Aiki ne mai kyau. Sai dai duk waɗannan mahaifa suke taimako. Ba sa mayar da ƙwayoyin toshiya da suka ƙare. Wannan sai jinin wani mutum.

Kuma ba kowane jini ba. Jinin da ya daɗe cikin firji yana mayar da jajayen ƙwayoyi, amma ƙwayoyin toshiyarsa sun riga sun mutu. Ko an ware su daban, kwana 5 kawai suke yi, kuma sai manyan asibitoci ke iya ware su. Shi ya sa a irin wannan hali likita yakan nemi sabon jini.

Abin da aka saba gani shi ne a turo mace da tsohuwa ɗaya da buta da tabarma. Tsohuwa ba ta ba da jini. Maza majiya ƙarfi uku ko huɗu su bi motar, don jini iri-iri ne, ba lalle na miji ya dace ba. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50, mai lafiya, yana iya bayarwa. Za a gwada jininsa tukuna. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran cikin ƴan makonni. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya taɓa mazakuta. Samarin gari da ke taruwa gayya a gonar mutum, su yi shawara tsakaninsu, a san waɗanda za a tasa idan dare ya yi.

Bayan haihuwa ba a gama ba

An haihu, an yi guɗa, kowa ya saki jiki. To, cikin mata 10 masu HELLP, wajen 3 sai bayan haihuwa abin ke bayyana, yawanci cikin kwana 2 na farko. Wadda ta riga ta kamu ma, a kwana biyun nan ne ƙwayoyinta suka fi yin ƙasa, sannan su fara hawa. Jijjiga ma tana zuwa bayan haihuwa. Idan likita ya ce a ƙara kwana uku, kada a ce ana sauri don shirin suna. Rago zai jira.

A gida, mai jego da ta yi hawan jini ta bar kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka nuna cewa yawan kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gado mai wuta, suna kumbura mai jego har zuciya ta gaza. A yi kunu ba kanwa, a sirka ruwan wanka.

Daga baya kuma jini yakan juya ɗaya gefen. Ƙwayoyin toshiya sun dawo, har sun fi da. A makonni 6 na jego jini yana saurin daskarewa cikin manyan jijiyoyin ƙafa, balle ga wadda aka yi wa fiɗa ko ta daɗe kwance. Kada mai jego ta wuni kwance. Ta tashi ta zaga tsakar gida, ta sha ruwa sosai. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗaya, tana zafi, kada a murza ta, kada a yi mata tausa. Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, a kai ta nan take. Haka idan ciwon kai ko dishin ido ya dawo.

Ta koma awon jini cikin satin farko, ta sake komawa kafin ta gama wanka. Ta huta shekara biyu kafin wani ciki. Karnen nan kuma kada a yar, kada a bar yara su yage shi. A adana shi cikin leda a ƙasan akwati. Idan wani ciki ya samu, ta ɗauke shi ta je awo tun wata na biyu ko na uku, ta nuna wa ungozomar likita shafin da aka rubuta lambobin.